Turin A-kori-kura a Rafin Bayan Ƙarfi

Mun tashi da asuba daga Funtua, ni da Ummana da yayana, ko addu'ar bayan salla ba a bari na ƙarasa ba. Suna za mu je ƙauyen su Umma, can bayan Ƙarfi, matar ɗan Kawuna ce ta haihu. Duk wanda ya san zai ce min raggo a ƙarƙashin wannan rubutu ya yi gaba tun yanzu, don har yau raina a ɓace yake.

Ga waɗanda ba su san ni ba, da lalurar tsoka aka haife ni. Likita ya ce tsokar kowa tana da rumbun da take ajiye sukari saboda aikin ƙarfi. Nawa rumbun cike yake fal, sai dai an gina shi babu ƙofa. In na fara tafiya da sauri, ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗaura min turmi. Dabarar ita ce in fara a hankali, da na ji zafi in tsaya in huta, can sai jikin ya saki, in ci gaba kamar kowa. Amma ɗaga kaya mai nauyi, ko gudu kwatsam, ko dogon tsugunno, ko turi, waɗannan likita ya ce ko da wasa. Shi ya sa na sha kununa da sukari kafin mu fita, na taka zuwa tasha kamar ango, yayana na biye da jakunkuna yana tsaki.

Bas ɗin da muka shiga ta girmi direbanta. An cusa mu har numfashi sai an yi karɓa-karɓa, amma Umma ta roƙar min bakin ƙofa don in riƙa miƙe ƙafa. Hanyar Bakori kuwa abin kallo ce a farkon kaka. Dawa ta sunkuyar da kai, an shanya masara a gefen kwalta, awaki na sata, yara na jifa. A Bakori aka tsaya masu talla suka rufe mu. Ƙosan garin ya rame, wallahi kamar 'ya'yan carbi, kuɗinsa kuma ya yi ƙiba. Na ci biyar ban ji na ci komai ba, na cike da dafaffiyar gyaɗa.

A Malumfashi muka sauka, muka hau a-kori-kura mai ɗauke da siminti da kwanon rufi. Mata a kan buhuna, maza a gefe-gefe, wani Alhaji mai tumbi da hula zanna ya kama gidan gaba shi kaɗai. Da muka wuce Ƙarfi muka bar kwalta, hanya ta koma rami na bin rami. Hanjina ya leƙo maƙogwaro ya koma ya fi a ƙirga. Sai ga rafi, ruwan ya janye ya bar taɓo baƙi ƙirin. Direba ya yi bisimilla ya danna, mota ta shiga ta zauna daram.

"Maza a sauko!" in ji direba.

Kun san dokar ƙasarmu. Ba a tambaya, ba a roƙo. Duk mai wando da muryarsa ta fashe, ƙasa zai diro. Har wani malami mai furfura ya naɗe wando ya shiga. Yayana ya sauka. Ni na zauna a cikin mata, na kafa ido a kan wani buhun siminti kamar ina karanta shi.

Sai Alhajin gidan gaba, wanda ko takalminsa bai taɓa ƙasa ba, ya zuro kai ta taga. "Kai, wancan ƙaton fa? Jego yake yi?"

Mota ta kwashe da dariya. Umma ta ce, "Alhaji, ba shi da lafiya ne."

"Wannan? Dubi wuyansa kamar na bijimi! Ciwon shayi da burodi ne, Hajiya. Ku kuke lalata su."

Yayana ya ɗago daga cikin taɓo ya ce zai tura nasa da nawa. Da a nan aka tsaya, da na haɗiye. Amma wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kwance jikanta daga baya ta miƙo min, ta ce, "Ungo riƙe min, 'yar'uwa, in gyara zane." Wata budurwa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kunnuwana suka ɗau zafi. Umma ta cafki rigata, na fizge na dira.

Na kafa kafaɗa a bayan mota, aka ce "Ya Allah!" muka danna. Nan take na ji zafin nan da na sani, wanda ke cewa tsaya. Ban tsaya ba. Aka sake dannawa, aka kuma. Mota ta yi gurnani ta fita, ta watsa mana taɓo har cikin baki. Kowa ya bi ta da gudu, ni na rage a tsaye yadda nake, hannuwa a gaba, ina tura iska. Cinyoyina da ƙwaurina sun ƙage kamar icen kirya, yatsuna sun lanƙwashe sun ƙi buɗuwa. Ku ɗauka an zuba garwashi a cikin naman mutum aka ɗinke. Ɗaukata aka yi kamar buhu aka ɗora a kan siminti. Alhaji ya leƙo ya ce, "To ka gani, ashe ka iya." Allah ya isa ban faɗa ba saboda Umma na wurin, amma zuciyata ta faɗa da ƙarfi.

Da hantsi muka isa. An riga an raɗa suna, ana suyar rago, ƙamshi ya cika unguwa, ga waina ana ta juyawa a tanda. Kawu, yayan Umma, manomi ne na gaske, kuma yana da maganin kowane ciwon jiki. Ya latsa cinyata ya ce jijiya ce ta harɗe. Ya kira samari biyu su ja ƙafar ta miƙe, yadda ake yi wa 'yan gayya in sun ƙage a gona, ya aika a karɓo haɗin gajiya a kemis, ƙwayoyin nan kala-kala da ake ƙullawa a leda. Suna kama dugadugina na kurma ihun da ya tsayar da masu kiɗan ƙwarya.

Umma ta durƙusa ta ce wa Kawu likita ya hana a ja tsokar da ta ƙage, yagewa take yi, kuma haɗin nan yana taɓa ƙoda. Kawu ya ce, "Likitan ya taɓa riƙe fartanya?"

Ana cikin haka fitsari ya kama ni, yayana ya tallabe ni zuwa bayan gida. Abin da ya fito kamar zoɓon da ya kwana. Yayana ya gani, fuskarsa ta canja, don a gidanmu kowa ya san ma'anarsa: tsoka ta farfashe, dattinta na bi ta ƙoda, in ba a yi sauri ba ƙodar na iya tsayawa. Ya je ya raɗa wa Umma. Ta yafa mayafi ta ce asibiti, yanzu.

Kawu ya tare ƙofa. "Haba, ke kuwa! Ku fita gidan suna ba ku sa nama a baki ba? Me mutane za su ce? A bari a yi azahar."

Umma da ko sunansa ba ta faɗa, da ba ta gaishe shi sai a durƙushe, ta miƙe tsaye ta dube shi. "Yaya, in ƙodarsa ta tsaya, taka za ka cire ka ba shi?"

Gida ya yi tsit, sai ƙarar mai a kasko. Kawu ya shiga zaure ya turo babur ɗinsa, aka sa ni a tsakiya, shi a gaba, yayana a baya, har Malumfashi. Kowane rami sai da na kira sunan Allah.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗaura min ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata, har na fara tunanin ko noman rani za a yi a cikina. Wata nas ta yi min faɗan da ya fi allurar zafi. Kwanaki na yi a kwance ana duba fitsarina kamar masu duba wata, har ya washe. Kawu ya zo da kwanon soyayyen nama ya ajiye a gefen gado, ya ce "Sannu, ɗan nan," ya kasa haɗa ido da Umma. Yayana ya cinye fiye da rabi, wai ladan jinya.

Ranar dawowa na hau mota da ƙyar, ina takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Bakori ma barci nake muka wuce. Muna shiga gida a Funtua, ko ruwa ban sha ba, matar Kawu ta kira Umma. Wai a ƙauye an zauna an gano matsalar: aljanun rafi ne suka shafe ni, saboda na dira cikin taɓo ban yi bisimilla ba. Har an ba wani direba turare ya kawo min.

Kun ji fa. Na tafi ana ce min raggo, na dawo ana ce min mai iska, kuma a duk faɗin ƙauyen nan babu bakin da ya iya cewa mara lafiya. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, zafin farko ba a gardama da shi, kuma masu dariya ba su za a ɗaura wa ruwa ba. Alhajin nan yana can yana cin tuwonsa, bai ma san na kwanta ba. Su zaɓi sunan da ya yi musu su kira ni da shi. Ƙoda biyu na fita da su, biyu na dawo da su, kuma ba zan ƙara kai su caca don bakin kowa ba.