Rubutun Bahaguwa

A gidanmu na Zangon Sokode akwai wata al'ada. Ran da yaro ya fara cika allo da hannunsa, sai a wanke, ubansa ya shanye ruwan. Yayyena uku duk Baba ya sha nasu. Nawa ne aka zubar a makwarari, kuma ga ni da furfura ban huce ba.

A lokacin ban wuce shekara biyar ba. Baffa, wan Baba, shi ke koya mana a zaure. Da yatsa ake farawa a ƙasa, alu, ba, sin, kafin a ba ka alƙalami. Ni kuwa bahaguwa ce. In na ja da hagu harafi ya fito tsaf da ɗigonsa, da dama kuwa sai ka ce kaza ta yi tono. Baffa ya ɗaure mini hagun a ƙugu da tsumma, wai hannun tsarki ba ya taɓa allo. To, ni na halicci hannun?

Ana haka Bajamushen da ke mulkinmu a bariki ya sa aka ɗebi masu dako zuwa Dapango, har da Baba. Saura kwana biyu su tashi, na kwance tsumman, na shige bayan rumbu, na cika allona da hagu.

Baba ya duba ya yi dariya. "Uwata, ke kika yi wannan? Kawo ƙwarya."

Ya wanke da kansa. Ya kai baki ke nan Baffa ya riƙe ƙwaryar, ya kamo haguna ya buɗe. Ga tawada dumu-dumu a yatsu.

"Ba a shan rubutun hagu a gidan nan," in ji Baffa. "In ka dawo ta yi maka na dama." Ya je ya juye ruwan a makwarari.

Baba ƙane ne, sai ya sunkuyar da kai. Wallahi shi ma ina jin haushinsa.

Wata uku ina shan tsumagiya kafin dama ta yarda. Na cika allo na jingine ina jira. Masu dako suka dawo babu Baba, zazzaɓi ya kashe shi a hanya.

Bayan sadakar arba'in Baffa ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce in kawo allon, shi zai sha a madadin ƙanensa. Na wanke a gabansa, na ɗauki ƙwaryar da hagu, na je na juye ta a makwararin da ya zubar da na farko.