Ashe Ba Haƙori Ba Ne

"Umma, zawon haƙori ne kawai," in ji 'yata Hadiza ɗazu, tana maganar jaririnta.

Haka ni ma na ce lokacin Hadiza tana goye, muna Taura zamanin soja, har mazaunanta suka saɓule, cinyarta ta kumbura ta yi jawur. Surukata ta ce wanzami ya yi mata sakiya, mijina ya ce sai asibitin Dutse.

Da muka je, na ce, "Likita, sammu ne?"

"A'a, baiwar Allah. Zawon ne ya cinye fatar, cuta ta samu ƙofa."

Kwana biyar ana allura, kumburin ya sace.

Yau da kaina na raka Hadiza asibiti, an duba jaririn, an ce da sauƙi. Alhamdulillahi.

Ku fa, me kuka taɓa ɗora wa haƙori?