Na Baya Ake Yi Wa Kiɗa

A shekarun da Nasara suka kafa turakun iyaka a arewacin Illela, turke guda ya faɗo tsakiyar gonarmu ta gero da ke kan hanyar Araba. Sai ya zamana mutum ya fara kunya a ƙasar Ingilishi ya ƙarasa ta a Faransa. A gonar nan na fara kiɗa gaban jama'a.

Kawuna ne mai gangar noma a ƙauyenmu, shi ya koya mini. Ni kuwa hannuna akwai ƙaiƙayi, da na ji daɗi sai in ruga da kiɗa kamar an koro ni. Maganin da ya yi mini ya ba ni haushi ƙwarai. Kullum da hantsi sai ya zaunar da ni kusa da turmin kakarmu, kowane bugu ya sauka tare da taɓaryarta. Tsohuwar nan kuwa in ta ɗaga taɓarya sai ka ce ta manta inda za ta sauke ta. Ya hana ni damƙe makaɗi, wai daga wuyan hannu ake bugu, ba daga kafaɗa ba. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne ido.

"Kak ka dubi na gaba, yaro, shi ba shi bukatar ka," in ji shi. "Na baya aka yi ma kiɗi."

Ranar gayyar gonarmu karkare ya kama yatsan kawu, sai ya rataya mini ganga. Aka jera, aka duƙa. Na nemi na baya kamar yadda aka koya mini, sai na ga babana ne. Daminar nan bayansa ya matsa masa, na kuma ji shi yana gaya wa innarmu cewa ranar da samari suka bar shi baya a gonarsa, ya gama shiga gayya ke nan.

Samarin gaba suka dame ni in ƙara wuta, hannuna ma haka yake so. Na kafa wa bayan baba ido, ban saki bugu ba sai hauyarsa ta taɓa ƙasa. Manomi kuwa ganga yake bi ko yana so ko ba ya so, sai samarin suka lafa suna gunaguni. Tare duka aka wuce turke, tare aka kai ƙarshen kunya.

Da aka zauna shan fura a gindin aduwa, baba ya goge baki ya dubi kawu.

"Mi ka koya ma yaron ga? Hannu nai da nauyi. Shi ar riƙe ni, da tuni na wuce yaran ga."

Kawu ya ce gaskiya ne, za a gyara, yana take mini ƙafa a ɓoye. Baba ya ci gaba da shiga gayya damina da yawa bayan nan. Har Allah ya karɓi ransa yana gaya wa mutane ɗansa ne makaɗin da ya fi kowa nawar hannu a ƙasar nan, ni kuwa ba yabon da ya taɓa yi mini daɗi kamar wannan.