Ranar da Ɗan Kaman Gidanmu Ya Mutu da Gaske

Wannan da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Da idona na gani, da ƙafata na taka.

A gidan hayar da muka zauna a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofar ɗakinmu na kallon ƙofar wani ɗan kama da matarsa. Ɗan kama, ga wanda bai riske su ba, mutum ne mai bin gidajen biki da suna yana ba da dariya. Ya yi wa tuwo waƙa, ya yi wa fura kirari, a sallame shi. Kowane ɗan kama da abin da ya ƙware a kai. Shi namu, mutuwa ya iya.

Yana tsaka da waƙa sai ya dafe ƙirji, ya kafe ido, ya zube tim. Abokin sana'arsa, wani dogo mai surutu kamar rediyon da makunninsa ya lalace, sai ya ɗora hannu a ka ya hau kururuwa, ya lulluɓa masa zani. Ba zai tashi ba sai an kawo abinci an kai masa hanci. In tuwon dawa ne, yatsan ƙafa kaɗai ke motsi. In shinkafa ce da nama, sai ya yi atishawa ya tashi zaune yana tambayar cokali.

Limamin unguwa ya sha yi masa faɗa. "Kai bawan Allah, ba a wasa da mutuwa."

Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wasa nake ba, gwaji nake, kada ranar ta zo ban iya ba."

Ni dai ban taɓa yi masa dariya ba. Ban ga abin dariya a mutuwa ba.

To, shekarar da soja suka ce za su koma bariki aka buga gangar siyasa, shekarar nan kasuwarsa ta buɗe. 'Yan jam'iyya su ɗauke shi, su sa masa rigar abokan hamayyarsu, ya hau dandamali ya mutu, a naɗe shi a tabarma, jama'a na ihu jam'iyyar ta mutu, ta mutu. Da safe ya mutu wa waɗannan a Tarauni, da yamma ya mutu wa waɗancan a Hotoro. Wata rana ya manta bai canja riga ba, ya je ya mutu cikin rigar waɗanda suka ɗauko shi. Ranar ce mutanen Hotoro suka ga gawa ta tsallake kwata da gudu, tabarma na bin ta.

Aka yi zaɓe, aka rantsar da farar hula, damina ta kankama. Wata safiya ya sha kokonsa, ya ce kansa ya yi nauyi, ya kwanta a tsakar gida. Matarsa ta dube shi ta ce, "Ka tashi, babu ƙosai, in ma don shi kake yi." Ta share gida ta zagaye shi. Ta yi wanke-wanke. Da hantsi ya ɗaga rana ta iso kansa bai matsa inuwa ba, sai ta kira ni.

Na yi wa mata wankan gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba, na san abin in na gan shi. Na taɓa ƙafarsa. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta ce, "Yaya, ke ma ya haɗa baki da ke?"

Na kama hannunta na ɗora a goshinsa. Ta daɗe a haka, sannan ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, ki taimake ni a yi masa sutura yau. Kada ya kwana. Kada a ce ya rasa masu yi masa salla."

Mazan gida duk sun fita nema, maigidana kuma ya yi tafiya. Wanka da salla da ɗauka aikin maza ne. Na ja mayafina na fita neman maza.

Na fara da majalisar mai shayi. Na yi sallama na ce, "Bayin Allah, ɗan kaman gidanmu Allah ya yi masa rasuwa."

Wani ya ajiye kofi ya ce, "Inna, wace jam'iyyar ce kuma? Ai an gama zaɓe."

Na ce, "Rasuwa nake faɗa muku."

Mai shayin ya ce, "Kai, ku dubi fuskarta! Ko gezau. Wallahi ya iya zaɓen 'yan wasa."

Na bar su suna tafa hannu. Mamacin yana da wa, ma'aikacin gwamnati a Tarauni, mutum mai tabarau da takalmi sau-ciki. Ni da ban taɓa hawa acaɓa ba, ranar na hau, ina riƙe da rigar mai babur ina salati har muka isa. Na tarar da wan a ƙofar ofis. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge.

"Inna, bara haka aka zo mini. Na bar aiki na taho da kuka, na tarar da shi yana tsotsar ƙafar saniya a gidan suna. Ki ce masa ina gaishe shi."

"Ɗana, jikinsa ya yi sanyi."

"Ai ya iya wannan ma. A gindin randa yake kwanciya."

Kafin in dawo, gida ya cika maƙil. Labari ya zaga cewa ɗan kama ya fito da sabon wasa, har ya sa tsohuwar nan da ba ta dariya a ciki. Maza sun cika soro, wasu sun hau katanga. Mata sun kewaye tabarmar da aka kwantar da shi a kai, an lulluɓa masa zani. Matarsa na kuka kamar ranta zai fita, su kuma suna cewa, "Oh, ashe ita ma ta iya! Dubi hawaye, sai ka ce gaske."

Ga kwanuka an jera a wajen kansa. Wannan ta kawo fura, waccan ta kawo waina, wata dambu. Maƙwabciyarmu 'yar Filato, matar wani malamin makaranta, ta kawo gwaten acca yana tururi, ta ce, "Ku matsa, wannan ko mamacin gaske ne sai ya tashi." Ta kai masa hanci, ta jira, ta janye ranta a ɓace. Ta ce bai san daɗi ba.

Wani daga kan katanga ya ce, "Kaza yake jira! Tun da ya shiga siyasa farashinsa ya hau."

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, mutumin nan ya cika!" Suka yi mini guɗa.

Bayan azahar sai ga liman da sandarsa, ya zo ya kawo ƙarshen shashancin. Aka dare masa. Ya tsaya a kansa ya ce, "Tashi, mara kunya!" Ya zungure shi da sanda. Sannan ya sunkuya, ya taɓa wuyansa, ya buɗe idonsa ya duba. Ya miƙe a hankali, ya yi salati, ya ce a kawo ruwa a yi masa wanka.

Katanga ta ɗauki tafi. "Har da Malam! Allah gafarta Malam, yaushe ka shiga?"

Liman ya rantse, ya sake rantsewa, jijiyar wuyansa ta tashi. Suka ce ba su taɓa ganin wasan da ya kai wannan ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in ruwa ya sauko kabari ba zai haƙu ba. Matar ta dubi sama, ta dube ni. Ni kuwa dabarata ta ƙare.

Ana cikin haka sai ga dogon nan abokin sana'arsa ya kutso, tun daga soro yake masifa. "Ina munafukin? Ka mutu ba ka sanar da ni ba? Wa ka ɗauka ya yi maka kukan? Matarka? Ita ta san kan kuka?" Jama'a suka gyara zama, don yanzu wasa zai yi daɗi.

Ya durƙusa ta wajen ƙafa, ya ɗaga zani, ya sosa masa tafin ƙafa. Ashe haka suke yi tsakaninsu, in abinci ya kai a tashi, ya sosa masa. Ya sosa. Ya sake sosawa. Ya riƙe ƙafar a hannunsa yana kallonta. Sai ya cire hularsa, ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi shiru.

Mutumin da ko a sahun salla sai an zungure shi yake rufe baki. Shirun nan ya tashi daga bakin tabarma, ya bi ta kan mata, ya shiga soro, ya hau katanga. Na ga maza suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Wani ya ce a ba shi buta. Mata suka hau janye kwanukansu, kowace na ɓoye nata a bayan zani.

A daidai nan wan mamacin ya shigo da gasasshiyar kaza a leda, ya sayo don a tashe shi a huta da abin kunya. Ya tsaya a tsakar gida riƙe da ita, ya rasa inda zai ajiye. Ni na karɓa.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani. Duk wanda ya zo kallo ya yi alwala ya shiga sahu. Aka ɗauke shi zuwa maƙabartar Tarauni ana sauri, iska na kaɗa riguna.

Mu mata ba ma zuwa, amma mazan sun ba mu labari. Da aka sa shi a kabari, masu rufewa suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya yarda ya fara zuba ƙasa. Sai liman ya sunkuya ya ce, "Bawan Allah, in wasa ne, ya isa haka." Aka saurara. Aka ƙara saurarawa. Sannan liman ya ce, "Bismillah, ku rufe."

Suna dawowa ruwa ya kece. Matarsa ta kama hannuna ta ce, "Yaya, an rufe shi?"

Na ce, "An rufe."

"Ya samu mutane?"

Na ce, "Sahu har bakin titi, sai da motoci suka tsaya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta shiga ɗaki ta fara takaba.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Ya mutu da yawa a unguwar nan, amma ta ƙarshen ce ta fi ba mu wahala.