Jitar Baba a Kan Goma

Na yi aiki da mawaƙa iri-iri a ɗan situdiyona da ke unguwar Ɗan Iya, masu waƙar biki da masu bege da 'yan kwaya na coci, kuma yawancinsu da sun fita nake mance fuskarsu. Amma akwai wata rana guda da ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ita dai ba za ta fita ba. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A lokacin ban daɗe da samun wata manhaja ba, wadda aikinta kwaikwayon amfilifaya, wato akwatin nan da mai jita ke jona wayarsa a ciki sauti ya fito da ƙarfi. Ka jona jita a kwamfuta kai tsaye, sai hoton akwati ya bayyana a allo da maɓallansa na murɗawa. Ka zaɓi wanda ranka ke so, tsoho ko sabo, ka ƙara masa amsa-kuwwa ko gurnani. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki da son nuna sabon abu. Ko mai kawo mini ruwan leda ne ya leƙo sai na tsare shi na yi masa bayani, har abokaina suka fara cewa in dai ba a shirya wuni ba, kada a tambaye ni labarin manhajar nan.

Wata ranar Talata da hantsi keken haya mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofata, wani dattijo ya fito da jita a kafaɗa, matarsa kuma na rungume da wani abu a cinya an naɗe shi da zani kamar jariri. Tsohon soja ne, ya yi aikinsa a ƙungiyar 'yan badujala masu kiɗan soja, da ya yi ritaya ya zauna can wajen barikin Shadawanka yana kaɗa jita a cocinsu. Dogo ne, a miƙe yake tafiya, kuma in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar yana fareti. Na ɗauka halin bariki ne kawai. Na gaishe su, na ce Baba da Mama su shigo.

Abin da ya kawo su, autarsu ce za ta yi aure ƙarshen wata. Baba ya tsara mata waƙa da kansa, yana so a naɗa a ba ta ta tafi da ita gidan miji, sannan ranar liyafa ya kaɗa ta a gaban jama'a. Ya ce duk 'ya'yansa babu wanda bai yi wa kiɗa ranar aurensa ba, ba kuwa a kan auta zai gaza ba.

Da Mama ta kwance zanin sai ga wata tsohuwar amfilifaya, fatar jikinta duk ta ɓare, an ɗaure mariƙinta da waya. Na yi dariya na ce, Baba, wannan ai ta girme ni. Ya ce ƙwarai kuwa, ta kuma fi ni ladabi. Na ce ga kwamfuta nan da akwatuna fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya ce shi ba ya kiɗa da hoto. Na ga ba wurin gardama, na kafa makirfo a gabanta. Na lura maɓallin kaifin sauti yana can ƙarshe a kan goma, na ƙarfi ma ya kusa kaiwa. Ya jawo kujera ya zauna daf da ita, ya karkata kai har kunnensa na neman taɓa lasifikar. Yana gyara zama yana mita, wai akwatin nan ta tsufa, shekarun nan muryarta ta dushe kamar mai mura, duk yadda ya murɗa ba ta ba shi abin da ta saba.

Ni kuwa da ya taɓa igiyoyin, sauti mai daɗi na ji, mai taushi, ba wata mura. Ƙarfin ne dai ya yi yawa. Hannun Baba kuwa, tabarkalla! Yatsunsa na yawo a kan jitar nan ba ya ko kallonsu.

Ba mu yi nisa ba akwatin ta fara wani ƙugi, sai warin ƙonewar roba, sai ɗan hayaƙi ta baya, ta yi shiru. Baba ya bubbuga ta, ya kashe ya kunna, ko tari ba ta yi ba. Ya zauna ya zuba mata ido. Tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata murna yake yi, don ga damar da nake nema ta zo har gida. Na lallaɓa shi, Mama ma ta sa baki ta ce ranar biki ba za ta jira mai gyara ba. Da ƙyar ya miƙo mini wayar jitar.

Na nemo masa hoton akwatin da ta fi kama da tasa, na buɗe a manyan lasifikun situdiyo. Ya matso ya ƙura wa allon ido, ya ce in sa masa kamar yadda yake sawa a gida, kaifi a kan goma. Na ce Baba, goma ta yi yawa a nan. Ya ce shekara nawa na yi ina kaɗa jita? Sai na murɗa masa.

Ya sauke hannu a kan igiyoyin.

Wayyo Allah! Ban san lokacin da na toshe kunne ba. Wata ƙara ce ta fito kamar ana goga ƙusa a jikin kwanon rufi, har cikin haƙorana na ji ta. Mai shagon ɗinki da ke maƙwabtaka da ni sai da ya leƙo ya ga ko lafiya. Mama ta runtse ido ta dafe kai. Na kai hannu zan rage, na ɗaga kai in ba Baba haƙuri, sai na ga abin da ya sa hannuna ya tsaya a iska.

Baba murmushi yake yi. Idonsa a rufe, kansa na kaɗawa, hawaye na gangarowa ta gefen hancinsa. Ya ci gaba da kaɗawa, mu muna shan azaba shi yana cikin daɗi. Da ya kai ƙarshen baitin ya buɗe ido ya juya wajen matarsa.

“Maman yara, kin ji? Ita ce! Muryar jitata ke nan. Ashe akwatin ce ta tsufa, ba ni ba.”

 Na kalle shi, na kalli allon. Shi kuwa sai zuba yake yi kamar yaron da aka saya wa keke. Ya ce ya daɗe yana jin tsoron wani abu a ransa bai faɗa wa kowa ba, yau Allah ya cire masa. Ya ce zai sa babban ɗansa ya nemo masa kwamfuta irin tawa, kuma ranar liyafa da wannan sautin zai kaɗa wa auta, kowa ya ji yadda jita take a zamaninsu.

Mama ta ce tana son ruwa, ta yafito ni da ido. Muka fita baranda. Tana riƙe da gefen ɗankwalinta tana murzawa, ta faɗa mini da ƙaramar murya cewa kunnen Baba ya daɗe da fara tafiya. Shekarun da ya yi tsakanin kakaki da manyan ganguna ne suka ci shi. Siraran sautuka ya fara rasawa, shi ya sa kullum yake ƙara kaifi, har 'yan kwaya suka fara kuka da shi a bayan ido, wasu na cewa a karɓe jitar a ba matasa. Ita kuwa ta san in aka raba shi da jitar nan an gama da shi. Sai wata rana da ya yi tafiya ƙauye jana'iza, ta ɗauki akwatin ta kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwar bakin bariki, ya sa mata wani ɗan abu a ciki mai danne kaifin, yadda ko ya murɗa har ƙarshe ba zai soki kunnen kowa ba. Tun daga nan ƙorafi ya ƙare, aka koma yabonsa. Manyan 'ya'yan sun sani, shugaban kwaya ya sani, shi kaɗai ne bai sani ba.

 Gida guda da coci guda sun haɗu sun rufe mutum a cikin akwatinsa shekara da shekaru!

Ta ce, “Ɗana, ka taimake ni. Ka yi masa irin wannan dabarar a kwamfutarka. Ya ga goma, amma kada ta zama goma.”

Na ce mata ko na yi a allo, kunnensa ya riga ya ɗanɗana, da na rage zai gane. In kuma na bar shi ya tafi da wannan ƙarar wurin liyafa, a gaban surukai da baƙi za a toshe kunne, yara su yi dariya, a can zai ji labarin da ba a ba shi a gida ba. Ta juya tana kallon titi, hawaye na zubo mata.

Ba mu ankara ba ashe ya taso yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ji abin da muke faɗa ba, wannan na tabbata, amma tsohon soja ne, fuska yake karantawa. Ya ce kafin ya rufe ido yana kiɗa ya ga na toshe kunne, ya ga mai ɗinki ya leƙo a firgice, yanzu kuma ga matarsa tana kuka a baranda. Ya ce in dube shi in gaya masa abin da na ji. Na ce, Baba, ƙarar tana da zafi, ba ta sauraruwa.

Mama ba ta bar ni da nauyin ba. Ta matsa kusa da kunnensa ta ɗaga murya ta faɗa masa komai, har da mai gyaran rediyon. Ina tsaye ina jin kamar in nutse. Na zaci zai yi faɗa, irin faɗan bariki da za a ji a ƙarshen layi. Bai yi ba. Ya koma ciki ya zauna a gaban matacciyar akwatinsa, ya ɗora tafin hannu a kanta. Da ya yi magana, a karon farko tun zuwansa muryarsa a ƙasa take.

“Ni kuwa kullum sai in ƙara mata ƙarfi, in kafa kunnena a jikinta, ina neman abin da kika cire. Da kin faɗa mini, da na matsa baya. Da wataƙila na rage wani abu da zan ji kukan jikokina da shi.”

Mama ta durƙushe a wurin. Ni ma na juya na fuskanci bango, don idona ya cika.

Mun daɗe a haka kafin ya share fuska ya tambaye ni ko waƙar auta ta mutu ke nan. A nan ne manhajar ta yi amfanin da ban taɓa tunanin za ta yi ba. Na bayyana masa cewa kwamfuta tana naɗar jitar ne tsurarta, sautin akwatin kuwa kamar riga ne da ake ɗora mata, ana iya sauyawa. Don haka zan ba shi nasa mai kaifi a abin sawa a kunne, ba da ƙarfi sosai ba, ya ji yatsunsa, sannan in ɗora wa waƙar wani mai taushi saboda mutane. Ya ce wannan ma ai dabara ce. Na ce e, amma wannan da saninsa. Ya ɗan yi tunani, ya miƙo kai na sa masa.

Sau ɗaya ya kaɗa ta daga farko har ƙarshe, ban ga wurin gyara ba. Da na kunna wadda na shirya wa mutane, ya saurara kaɗan, ya girgiza kai ya ce shi dai gunaguni yake ji. Sai ya juya ya zuba wa matarsa ido har waƙar ta ƙare. Ya tambaye ta ko ta yi, ya ce kuma wannan karon gaskiya yake so. Ta ce ta yi. Ya ce to, a ba auta.

Ranar liyafa ban samu zuwa ba, amma babban ɗansu ya biyo ta situdiyo daga baya ya ba ni labari. Naɗaɗɗiyar waƙar aka sa. Baba bai kaɗa ba, ya zauna a kujerar gaba da jitar a cinya, amarya ta zo ta durƙusa ta rungume shi tana kuka. Lahadin da ta biyo baya shi da kansa ya miƙa jitar cocin ga wani matashi. An kai shi asibiti an gwada masa na'urar ji, ta ɗan taimaka wajen hira, amma likita ya ce abin da ya tafi ya tafi.

Ban taɓa ganin Mama a matsayin muguwa ba, kuma har gobe ba zan gan ta haka ba. Ƙauna ce ta sa ta ɗauki akwatin nan ta kai kasuwa. Amma ranar na koyi cewa in ka ɓoye wa mutum ciwonsa don kada ransa ya ɓaci, ciwon ba ya tsayawa ya jira ka, ci yake yi, kuma mai shi ne zai biya, ba kai ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna a kujerar situdiyona ya tambaye ni yadda na ji, ko sa'an ubana ne, nakan tausasa murya in faɗa masa abin da na ji tun yana da sauran abin da zai gyara.