Lafiya Lau Ɗin Da Na Amsa Kwana Uku

Ranar wata Alhamis da hantsi, ina kwance a ɗakin sikanin, matar da ke goga mini na'ura a ciki ta daina hira. Ta kawar da allon daga gabana, ta ce bari ta kira likita. Da likitar ta duba da kanta, sai ta zauna a bakin gado ta shaida mini cewa zuciyar yaron ta tsaya. Cikin yana sati ashirin da shida. Yaron kuma ba nawa ba ne, amana aka ba ni.

A lokacin shekaruna talatin da huɗu, mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya biyu, ina aikin shirya kwalaye a wani sito da ke hanyar Wendover. Akwai wata mata a cocinmu, 'yar garinmu, da nake kira Anti. A gidanta na garin McLeansville na yi shekarata ta farko da zuwana ƙasar Turawan nan. Ta shekara goma sha huɗu da aure, ta yi ɓari sau huɗu, har likitoci suka ce sai dai wata ta ɗaukar mata cikin. Ni na kai kaina. Aka yi takardu a gaban lauya, aka dasa mini ɗan tayinsu, nata da na mijinta, Allah ya sa ya kama.

Da cikin ya shiga wata na shida, ƙafafuna suka kumbura har takalmin aiki ya ƙi shiga, ƙwannafi ya raba ni da yaji, yaron kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kullum da safe Anti sai ta kira. Ɗan haya take ce masa. Za ta tambayi kwanana, da yara, da gajiya, sannan ta ce yaya ɗan haya ya kwana, ya bar ni na yi barci ko ƙwallo ya yi ta bugawa. Ranar Asabar takan zo da kunun gyaɗa, ta ɗora tafinta a cikina tana lallashinsa ya gaishe ta, in ya shure ta kuma ta ce marar kunya ne kamar ubansa.

Ranar Litinin na lura motsin ya ragu. Na sha ruwan sanyi na kwanta ta gefen hagu, na ji ɗan juyi sau ɗaya ko biyu, na ce hutawa yake yi. Talata da safe Anti ta jero gaisuwarta, ta iso kan ɗan haya, na ce lafiya lau. Ban yi niyyar ƙarya ba. Bakina ne ya riga ni, domin mu a gida ko a gadon asibiti aka gaishe ka, lafiya za ka fara cewa, zancen ciwo ya biyo baya. Ni ban bari ya biyo ba. Na ji nauyin tayar wa babba hankali da sassafe a kan abin da ban tabbatar ba, balle ita da ta sha wuya haka. Laraba ma na ce lafiya lau, alhali tun yammacin Talata ban ƙara jin komai ba. Alhamis ina cikin mota za ni awo, ita tana wurin aikinta, na sake faɗa.

Da na isa asibiti, nas ta tambaye ni da Turanci yaushe rabona da jin motsinsa. Nan take na ce Talata da yamma. Tambayar da Anti ta yi ta yi mini ke nan. Da Turanci na ji ta tambaya, da Hausa na ɗauke ta gaisuwa.

Aka sa mini ruwan naƙuda, na haife shi ranar Jumma'a, Anti tana riƙe da hannuna. Komai nasa ya cika, har da farce. Likita ta gaya mini ni kaɗai cewa cibiya ce ta ƙulle, kuma ba za ta iya cewa da na zo da wuri da ya rayu ba, ba za ta iya cewa da bai rayu ba. Anti kuwa, tana kuka tana share mini nawa hawayen, ta ce kada in ɗora wa kaina laifi, abu ne na farat ɗaya, tunda ko jiya da safe lafiyarsa lau. 

Abin da na koya shi ne, ladabin da aka raine mu da shi yana da wurinsa, amma ba a kan rai ba. 'Yar'uwa mai juna biyu, naki ne ko na amana, in motsi ya sauya ki kira asibiti a ranar, ko da za a ce kin cika tsoro. Ke kuma mai tambaya, ki gama gaisuwar tukuna, sannan ki tambaya a fili, yau ya motsa ko bai motsa ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Anti tana zuwa gidana, tana yi wa 'yata kitso, muna zama benci ɗaya ranar Lahadi. Sau biyu na tuƙa mota har ƙofar gidanta da niyyar in faɗa mata, na juyo. Har yau ba ta san cewa tun Talata ya daina motsi ba.