Sarƙar Koren Ƙwaro

Lokacin da Faransa ke mulkin Gaya, kakata Iya takan hura wuta bayan magariba don korar sauro, mu kewaye ta. Shekarar da nake tunawa, na kwashe damina ina kama korayen ƙwarin nan masu sheƙi da ke sauka kan furanni da kan gero. Na cire fikafikansu na shirya a zare, na yi sarƙar da zan sa ranar Sallah.

Ran nan na ƙi cin tuwo kwano ɗaya da ƙawata Hadiza. Babanta kwasar taki yake da jaki zuwa gonaki, ni kuwa na ce tana wari. Ta ajiye lomarta ta fita. Da wuta ta kama, Iya ta soma tatsuniya.

"Ga wata nan, ta mai sarƙa ce," in ji ta.

Wai akwai gwazarma, farar tsutsa mai ƙiba, tana zaune cikin juji. Ruɓaɓɓen kashin shanu ne abincinta, tafiya ma a rigingine take yi. Duk wanda ya tono ta sai ya tofar da yawu. Da ta gaji, ta kwaɓa ƙasa da kashinta, ta gina ɗaki ta rufe kanta. Ruwan fari na sauka ta fito da koriyar riga, ta tashi sai kan furanni. In ta wuce juji da rana har toshe hanci take. Amma ƙwai in ya matsa mata, can take komawa ta zuba.

"Ƙarya ne, Iya!" na ce.

"Ƙarya? Taho da hauya gobe, ɗiyata."

Da safe ta sa ni tonon jujin bayan gida. Wari ya buge ni, tsutsotsi na motsi kamar yatsu masu kumburi. Ta miƙo mini wani dunƙulen ƙasa, na fasa. Ga koren ƙwarona a ciki, jiƙe, yana miƙa ƙafa. Nan take na yi amai. Na tsinke sarƙar na jefa masai, na wanke wuyana da toka har ya yi zafi.

"Ba wannan na nufa ba," in ji Iya. "Tafi gidan su Hadiza."

Ban je ba. Na ce sai bayan Sallah, su kuwa kafin Sallah suka koma Tanda, ban ƙara ganinta ba.

Yau na tsufa, na kuma san geron tuwon da na yi wa fankama a kai takin baban Hadiza ne ya ciyar da shi. Har yanzu in koren ƙwaro ya faɗo mini a zane, sai in kakkaɓe shi in kau da kai. Jikokina suna zaton ƙwaron nake ƙyama. Lomar da Hadiza ta ajiye nake gani.